Manja a Likkafanin Baba

Azumin bana ya zagayo ya faɗo a damina, ruwan kuma ya yi ta ja mana rai. Hadari zai taso daga wajen teku ya yi baƙi ƙirin a kan unguwarmu Nima a nan Accra, mata su jera bokitai a ƙarƙashin kwano, sai iska ta kwashe shi ta yi unguwar Maamobi da shi, can ma ba ta sauke ba. A irin wannan yammaci ne ina zaune da carbi ina jiran magariba, jikokina suka kunna talabijin suka tarar ana maimaita wani tsohon wasan kwaikwayo, irin na da marar launi. Yarinyar da ke gabatarwa ta ce wasa ne mai tarihi, abin alfaharin ƙasa, wai wanda bai kalle shi ba bai san dariya ba. Ban ko ɗaga kai ba sai da na ji kukan wata ƙofar kwano. Ƙofar gidanmu ce ta da, wanda aka rushe tun tuni. A gidan na girma, ba zan kasa gane muryarta ba.

Shekarar da aka ɗauki wasan ma a damina azumi ya zo, sai dai daminar ce ba ta zo ba. Tun da rani gobara ta bi daji tana cin gonaki, motocin da ke kawo doya da masara suka riƙa shigowa tashar Tudu wayam, sai toka a jikinsu. A kan haka aka koro mutanenmu daga Najeriya, kowane gida a Zongo, wato unguwanninmu na baƙi Musulmi, ya sami ƙarin baki babu ƙarin tukunya. Mijina yana cikin waɗanda suka tafi Agege a can Najeriyar neman arziki, amma shi bai dawo tare da jama'a ba, bai kuma aiko ba. Na ɗauki 'yata Memuna na koma ɗakin mahaifina.

Sana'ata koko da ƙosai ce a bakin titi. Gero ya ɓace, wake ya bi shi, na kife tukwanena a bayan ƙofa. Aikina ya koma bin layi. Da an sallame asuba nake goya Memuna in tafi gidan mai dokunu, tuwon nan na ƙullin masara, in tarar da duwatsu da tsofaffin kwanoni jere a ƙasa, kowanne yana riƙe wa mai shi wuri. Ba ma jira a dafa. Ɗanyen ƙullin ake sayar mana, don idan ka ce sai ya nuna, kafin a sauke wani ya riga ka. Wata rana ka samu dunƙule biyu, wata rana matar ta leƙo ta ce ya ƙare, layin ya watse ba mai ƙarfin zagi. Daga nan in gangara kasuwar Makola a ƙafa ko Allah zai sa in yi karo da garin rogo. Rana ta buɗe fau, sama fes babu ko ɗigon gajimare, ƙaton lambatun Nima ya bushe ya bar wari kawai.

Sahur ɗinmu gari ne a jiƙa da ruwa mai yawa, a sha. Buɗa-baki kuma duk abin da ranar ta bayar: ɗanyar gwanda a dafa da gishiri, ko ƙwarar kwakwar manja a fasa a tauna har muƙamuƙi ya gaji. Ƙashin wuyan kowa ya fito, har mutane suka riƙa zolayar juna da cewa an raba wa 'yan ƙasa sarƙa kyauta. Baba yakan ce bana lada zai yi araha, tunda har maƙwabtanmu Kiristoci suna taya mu azumi ba su yi niyya ba.

Malam Issaka sunansa, amma kowa Baba Ladan yake ce masa. Shi ke kiran salla a ƙaramin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. A shekarar wutar lantarki ta zama baƙuwa, lasifika ta mutu, sai ya koma hawa matakalar masallacin ya toshe kunne ya yi da maƙogwaronsa. Mutum ne siriri tun asali, yunwa kuwa ta ƙarasa shi, amma muryar ba ta rage ba. Ba shi da gona, ba shi da shago. Wannan kiran shi ne duk abin da ya mallaka, sai wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai likkafaninsa, farin yadi da wani alhaji ya kawo masa daga Makka, an tsoma shi a zamzam. Duk shekara yakan fito da shi ya shanya a inuwa, ya mayar da sabon kafur.

Memuna ba ta daɗe da fara tafiya ba a lokacin, sai ta daina. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, idan ka danna yatsa ramin ya zauna. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ta bar kuka. Na kai ta asibitin yara, nas ta duba idonta ta ce ba allura take so ba, nama take so da ƙwai da madara. Na tsaya ina kallon matar, don ban san ko ba'a take yi mini ba. Da na dawo na faɗa wa Baba, sai ya ɗauki butarsa ya fita.

Ana cikin goman tsakiya mai gidan da muke haya ya shigo da wasu mutane masu wanduna da tabarau. Ya ce daga wajen masu talabijin suke, za su ɗauki wasa a tsakar gidanmu, don sun zagaya Accra ba su ga gidan da ya kai namu kama da talauci ba. Haka ya faɗa, yana murmushi, kamar an ba mu lambar yabo. Shugabansu wani mai gemu ne da suke kira Darakta. Ya yi mana bayani da yaren Twi, yana jefa Turanci. Wasan tsoho ne, an daɗe ana yin sa a dandamali tun zamanin Turawa, manya suna sayen tikiti su je su yi dariya. Labarin wani gida ne da yunwa ta dama, sai suka lura cewa idan an yi mutuwa maƙwabta suna kawo abinci. Shi ne suka kwantar da tsohonsu suka ce ya rasu. Yanzu za a mayar da shi na talabijin, kuma Darakta ya ga zai fi armashi a ce a Zongo abin ya faru.

Ban ga abin dariya ba, amma ba a tambaye ni ba.

Washegari suka zo da motarsu, da janareta, da fitilu masu zafi, da 'yan wasa da aka naɗa wa rawani a karkace. Sannan aka fara sauke abin da ya sa duk gidan ya yi tsit: manyan kwanoni na shinkafa, da miyar manja, da kaji soyayyu. Ban san inda suka samo ba a garin da ake bin layi don ɗanyen ƙulli. Ƙamshin ya cika tsakar gida da hantsi, mu kuma muna azumi. Yara suka fito suka jeru a jikin bango, ba wanda ya yi motsi.

Matsalar farko gawarsu ce. Mutumin da aka kawo ya kwanta yana da tumbi, ana rufa masa zane cikin ya yi tudu yana hawa yana sauka. Darakta ya dafe kai ya ce ba wanda zai yarda yunwa ta taɓa shiga gidan nan. Yana waiwayawa ya ga Baba zaune a kan buzunsa a ƙofar ɗaki.

"Papa," in ji shi, "za ka iya kwanciya shiru?"

"Me gawar take yi a wasan?" Baba ya tambaya.

Aka ce ba komai, sai dai idan masu gaisuwa suka juya baya, takan miƙo hannu ta saci nama daga kwano ta ci. Za a ba shi olonka biyu na shinkafa, wato gwangwanin awo biyu. Kuma idan akwai farin yadi na gaske a gidan a ba su aro, don zanen gadon da suka kawo yana da furanni.

Na ce, "Baba, kai ne fa ladan."

Ya ce, "Na sani, Adiza. Ɗauko mini akwatina."

Na ɗauko ina kuka. Har yau idan na ji warin kafur sai ranar ta dawo mini. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, mahaifina ya kwanta, baƙin da ba su san alwala ba suka naɗe shi a likkafaninsa suna gardamar ta ina haske zai fi kyau. Sharaɗi ɗaya ya kafa: yana azumi, ba zai sa komai a baki ba. Zai ja naman ya shige da shi ƙarƙashin yadi, ya riƙa motsa haɓa. Da aka gwada, Darakta ya yi tsalle don murna. Ya ce hakan ma ya fi, likkafani yana tauna.

Aka fara. Hannun Baba ya fito a hankali, ƙashi da jijiya, ya lalubi kwano, ya ɗauki cinyar kaza ya koma. Haɓa ta fara motsi. Sai ya yi atishawa. Darakta ya ce a sake. Aka sake, hannu ya fito ya ɗauki wata tsoka, sai babban yatsan ƙafa ya hau rawa. Aka sake, sai ya yi tari. Darakta ya fara huci yana cewa tsohon nan ba ya jin magana. Ni ma na ɗauka tsufa ne da zafin fitila, har sai da na lura ba a taɓa tambayarsa naman da ya riga ya ɗauka ba, kuma duk sakewa da sabon yanka ake yi. Mutumin da zai tsaya tun farkon tarawihi har ƙarshe bai ko sosa kunne ba, shi ne yau ya kasa kwanciya shiru. Na juya na kalli bango don kada fuskata ta tona shi.

'Yan wasan mata suna ta kururuwar ƙarya, kuma ba wanda ya yi tunanin gaya wa unguwa abin da ake ciki. A Zongo kuwa idan aka ji kuka a gida ba a jiran aike. Sai ga ƙofar nan ta yi ƙara, Mma Zenabu ta faɗo ciki. Tsohuwa ce mai sayar da wake da shinkafa a da, ƙawar mahaifiyata ce kafin ta rasu. Ta shigo ba takalmi, da ɗan ƙullin gari a bakin mayafi, wanda na tabbata shi ne buɗa-bakinta na ranar. Ta ga farin yadi a kan tabarma, ta gane ƙafafun.

"Adiza, shi ne ba ka aiko ka gaya mini ba?" ta ce da ni. "Yau ɗin nan na ji shi ya kira asuba."

Na buɗe baki zan yi magana, wani ya riƙe mini hannu. Darakta yana yi wa mai kamara alama da yatsa ya ci gaba. Tsohuwar ta durƙusa ta fara salati tana kuka na gaske, irin wanda 'yan wasansu suka yini suna nema ba su samu ba. Baba ya kasa jurewa. Ya yaye yadin daga fuskarsa ya ce, "Zenabu, yi haƙuri, ina nan da raina." Ta yi baya ta faɗi zaune, ƙullin ya kwance, garin ya watse a ƙasa.

Suka tafa. Wallahi tafi suka yi. Darakta ya ce wannan ba ya cikin wasan amma ya fi duk abin da ke ciki. Mma Zenabu ta sunkuya tana tattara garinta da gefen hannu, tana hure ƙasar, ni ina taya ta.

Duk da haka mun yi haƙuri, saboda kwanonin nan. A wurinmu abincin da ya shigo gidan makoki ba ya fita, na duk wanda ke wurin ne. Ko makokin na ƙarya ne, mu dai mun ga abinci ya shigo. Matan gidan har sun fara raba shi da ido, wannan na ɗakin wane, wannan na masu shayarwa. Bayan la'asar ƙudaje suka yi yawa a kan miyar. Darakta ya ce suna ɓata masa hoto, kuma gobe yana son kwanonin su fito yadda suke yau. Wani daga cikinsu ya je mota ya ɗauko famfon maganin sauro, ya bi shinkafa da kaji da miya ya fesa musu tas, a gaban yaran da suka yini a jikin bango. Ban taɓa zagin baƙo a gidan ubana ba sai ranar. Na zage shi da Hausa, na ƙara da Twi don kada ya ce bai ji ba. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai kayan aiki ne, ba abinci ba ne.

Da suka tafi, Baba ya shige ɗaki da likkafanin a jikinsa, ya ce in turo ƙofa. Ya warware. Naman yana jere a gefen haƙarƙarinsa, duk na safe ne kafin a yi feshin. Manja ya ratsa yadin ya yi jan tabo mai faɗin tafin hannu biyu.

"Baba, wannan ba sata ba ce?" na tambaya.

"Gawa aka ba," in ji shi. "Ni ne gawar. Je ki tafasa shi sosai."

Sai ya fita ya hau matakala ya kira magariba, ya buɗe baki da ruwa. Na dafa naman har ya narke, na riƙa ba Memuna romon da cokali. Sauran na yanyanka na shanya a kan kwanon rufi, kullum in jefa kaɗan a cikin shinkafar da suka ba mu. Baba ya sa na kai wa Mma Zenabu rabin olonka. Shi ko ɗanɗanon naman bai yi ba. Kafin Salla kumburin ƙafar Memuna ya fara sauka, wata safiya kuma ta tsala ihu don na ƙwace mata cokali. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Tabon ne ya ƙi fita. Sabulu ya yi wuya, sai wani na gida mai cin hannu kamar wuta. Na wanke har yatsuna suka tsage, na sa toka, na sa lemun tsami, na shanya a rana. Jan ya koma ruwan ɗorawa ya tsaya a nan. Baba ya ce in bar shi haka, ya kuma ja mini kunne kada in gaya wa kowa inda naman ya tafi. Ya ce Nima ba ta mance suna. Idan aka ji, yarinyar nan za ta girma ana ce mata mai cin naman gawa, har gidan miji sunan zai bi ta.

Sunan sai ya kama shi. Bayan babbar Salla aka nuna wasan. Talabijin ɗaya ce a layinmu, a gidan wani alhaji, ranar kuma aka yi sa'a da wuta, aka fito da ita waje unguwa ta taru. Sun ɗora wata dariya ta gwangwani, irin wadda ake naɗewa a ajiye, a kan kowane motsi, har a kan salatin Mma Zenabu. Ba su rubuta sunan Baba ba, ba su rubuta nata ba. Ƙasa gaba ɗaya ta ga mutanen Zongo masu kwaɗayi, waɗanda ko gawarsu sata take yi. Washegari yara suka fara bin sa suna motsa haɓa suna kiran Baba Gawa. Idan ya hau matakala, ana jin ƙyalƙyala daga bayan katanga. Dattawan masallaci suka kira shi suka ce mutumin da ya yi wasa da likkafani cikin watan azumi bai dace ya kira mutane salla ba. Wasunsu na san sarai a ranar 'ya'yansu suna jikin bangon nan suna haɗiyar yawu. Kalma ɗaya da zai faɗa ta ishe su, amma ya ce sun yi gaskiya, ya miƙa mabuɗin masallaci.

Daga nan ya koma salla a sahun baya. Da asuba nakan ji shi a ɗaki yana bin sabon ladan a hankali, yana gyara masa inda ya ja da yawa.

Damina ta gaba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, lambatu ya cika ya tumbatsa, masara ta yi yawa har masu ita suna roƙon a saya. Na tayar da tukwanena na koma bakin titi. A cikin wannan yalwar Baba ya kwanta. Da na ga jikin ya yi nisa na ce masa zan je Makola in yanko sabon yadi, yanzu ana samu.

Ya ce, "A'a. Wancan na riga na gwada shi, ya yi mini daidai."

Ranar da ya cika na miƙa akwatin ga mai wanka. Jim kaɗan ya leƙo daga ɗakin ya tambaye ni a hankali ko babu wani, wannan yana da tabo. Na ce shi mai shi ya zaɓa. Dattawan da suka karɓi mabuɗi su ne a sahun gaba wurin jana'iza, suna ta faɗin irin muryar da aka rasa.

Duk wannan ya bi ta kaina ina zaune da carbi a hannu, jikokina suna birgima a ƙasa don dariya. Uwarsu Memuna ta fito daga kicin da ludayi, mace ƙatuwa mai ƙiba, ko zazzaɓi ba ya kayar da ita. Ta san kakanta ne a cikin yadin, kowa a dangi ya sani, abin da ta sani ke nan. Hannun ya fito a allon, ƙashi da jijiya, yana lalubar kwano. Hoton ba launi, tabon ya fito kamar inuwa kawai a gefen haƙarƙari. Memuna ta yi dariya har da share hawaye.

"Kai, tsohon nan ɗan duniya ne," in ji ta. "Mma, kai ba ka dariya? Dubi yadda ya sace cinyan nan."

Na dube ta. Ta yi aure, ta haifa, ta fara furfura a gefen kunne, babu sauran sunan da zai kama ta.

Na ce, "Azumi yake yi ranar. Ke kika ci ta."

Ta tsaya da ludayin a hannu. Yaran suka waiwayo suna kallonmu, dariyar gwangwanin nan tana ta tashi a cikin talabijin ita kaɗai. Aka kira magariba a lasifika, dabino da koko suna gabanmu, Memuna ba ta miƙa hannu ba.